Bindiga ko Barkono? Shirin Shiga Dajin Beyar

A makon nan za mu ɗan ajiye maganar jarrabawa da jadawalin karatu, mu shiga daji. Dajin kuwa ba na kusa ba ne, sai an hau jirgi an tsallake teku.

Abin da ya jawo maganar wata gardama ce da ta kaure a ɗakinmu na kwanan ɗalibai. Mu huɗu ne muka duƙufa a kan kwamfutar ɗayanmu muna kallon fim ɗin The Revenant na 2015, wanda Leonardo DiCaprio ya fito a matsayin Hugh Glass, wani mafarauci da macen beyar mai 'ya'ya ta yi wa kaca-kaca a 1823 a yankin da yau ake kira Dakota ta Kudu a Amurka, amma ya rayu. Da aka zo wurin da dabbar take jijjiga shi kamar tsumma, sai ɗaya daga cikinmu, wanda kullum yake tuna mana cewa kakansa maharbi ne, ya ce shi da za a ba shi bindiga ta zamani mai kyau, babu dajin da ba zai ratsa ba yana fito. Wani kuma da ke karatu a sashen gandun daji da namun daji ya ce masu yawo a waɗancan dazuzzuka yau, barkono aka fi ba su shawarar ɗauka. Ɗakin ya fashe da dariya. Jikan maharbi ya ce, "Barkono? Tsire za ka ci da shi ko balangu?"

Har aka ɗauke wuta gardama ba ta mutu ba. Shi ya sa muka kwashe kwanaki muna karance-karance a kai, ga kuma abin da muka samo muku.

Wani zai ce ina ruwan ɗalibin Gusau ko Maraɗi da beyar. Da ruwansa kuwa. Duk shekara yayyenku suna tafiya karatu Kanada da Amurka da Rasha da Turkiyya da Romaniya da Indiya da Japan, kuma duk waɗannan ƙasashe suna da beyar a dazukansu. Wanda ya je karanta ilimin duwatsu ko na tsirrai ko na dabbobi, dole wata rana a kwashe su zuwa daji aikin gani da ido. Wanda ma likitanci ya kai shi, abokai za su ja shi hawan dutse lokacin hutu, don a can abin nishaɗi ne kamar yadda muke zuwa kallon ƙwallo. Cikin masu riƙe da wannan shafi yau akwai wanda nan da shekara biyar zai tsaya gaban allon gargaɗi mai hoton beyar a bakin wata hanya.

Nau'in beyar takwas ne a duniya, kuma babu ko ɗaya a dazukan Afirka yau. Na ƙarshe da nahiyarmu ta sani ya rayu ne a duwatsun Atlas na Maroko da Aljeriya, ya ƙare a ƙarni na 19. Shi ya sa ba ku taɓa jin sa a tatsuniya tare da gizo da kura da dila ba, sunan ma aro muka yi. Uku za mu fi magana a kansu: baƙin beyar na Amurka da Kanada, mai ruwan ƙasa, wanda ake samu tun daga Alaska har Rasha da Turai da tsibirin Hokkaido na Japan, kuma Amurkawa ke kiran nasu girizili, sai farin beyar na yankin ƙanƙara. Babban namijin mai ruwan ƙasa a gaɓar tekun Alaska yana iya kai kilo 600, wato buhun shinkafa 12 masu kilo 50.

Amma gudunsa ne ya raba mana gardama. Beyar yana iya kai kilomita 55 a awa ɗaya. Usain Bolt, ranar da ya kafa tarihin gudun mita 100 a Berlin a 2009, iyakar ƙarfinsa bai kai kilomita 45 a awa ba. Yanzu ku ɗauko biro. Kilomita 55 mita 55,000 ne, awa ɗaya kuma sakan 3,600 ce. Idan kuka raba za ku samu kusan mita 15 a kowane sakan. Ke nan idan beyar ya fito daga kurmi ya nufo mutum daga nisan mita 30, wanda bai kai sulusin tsawon filin ƙwallo ba, sakan biyu ne tsakaninsu. Duk wata kariya da mutum zai zaɓa, da waɗannan sakan biyu za a auna ta.

Mai bindiga, cikin sakan biyu, sai ya sauke ta daga kafaɗa, ya zare sakatar kariya, ya saita abin da ke tahowa yana tsalle kansa a ƙasa, ya kuma same shi a inda zai faɗi nan take, duk wannan hannu yana rawa. Idan ya same shi a cinya ko a ciki, ya ƙara wa wuta fetur ne. Ƙwararren maharbi da ya shekara yana atisaye zai iya. Ɗalibin da bai taɓa harba komai ba sai danƙo, da kamar wuya.

Shi kuma feshin barkono daban yake da barkonon tsohuwa da 'yan sanda ke harbawa. Daga ainihin barkono ake tato sinadarin da ke sa shi zafi, wanda masana ke kira kafsesin, shi ne dai wanda ke sa ku hawaye idan ana jajjagen attaruhu. A dura shi a gwangwani mai kama da na feshin sauro, da ƙarfin kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Idan aka danna, sai ya fita da ƙarfi kamar hayaƙi mai launin ruwan goro, ya kai nisan mita 8 zuwa 10, gwangwanin kuma ya ƙare cikin 'yan sakanni, galibi ƙasa da goma. Ba ya buƙatar saiti irin na bindiga, gajimare ne kake shimfiɗawa tsakaninka da dabbar ta shigo ciki da kanta. Hancin beyar, wanda da shi yake jin ƙanshin abinci daga nesa mai yawa, a nan shi ne lagonsa. Ido ya rufe, hanci da maƙogwaro su kama wuta, numfashi ya yi wuya, sai ya juya. Bayan wani lokaci ya warware ya ci gaba da rayuwarsa.

Wani abin da ya burge mu shi ne akwai hannun ɗaliba a samuwarsa. A farkon shekarun 1980, Carrie Hunt, tana karatun digiri na biyu a Jami'ar Montana ƙarƙashin malaminta Charles Jonkel, ta riƙa gwada abubuwa iri-iri a kan beyar da ke tsare don ta ga wanne zai kore shi. Barkono ne ya nuna alamar nasara, daga nan aka gina feshin da ake sayarwa yau. Masu cewa aikin kammala karatu a kanta kawai yake ƙarewa ya sha ƙura, ga guda da bai ƙare a can ba.

To yana aiki kuwa? Tom Smith na Jami'ar Brigham Young a Amurka da Stephen Herrero na Jami'ar Calgary a Kanada, tare da abokan aikinsu, sun tattara bayanan lokuta 83 da suka shafi wannan feshi a Alaska daga 1985 zuwa 2006, suka wallafa sakamakon a 2008. Feshin ya tsayar da beyar mai ruwan ƙasa a kashi 92 cikin 100 na lokutan da aka fesa masa, baƙin beyar kuma kashi 90. Cikin mutanen da ke riƙe da shi, kashi 98 cikin 100 sun fita ba ko ƙwarzane. Mutum uku ne suka ji rauni, kuma babu wanda raunin ya kai shi kwanciya a asibiti.

A 2012 suka sake fitar da wani binciken, wannan karon a kan bindiga: lokuta 269 a Alaska, daga 1883 zuwa 2009. Doguwar bindiga ta tsayar da beyar a kashi 76 cikin 100, ƙaramar bindigar hannu kashi 84. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne, waɗanda suka harba da waɗanda suke da bindigar amma ba su harba ba, yawan raunin da suka samu ɗaya ne. Beyar kuwa an kashe shi a kashi 61 cikin 100 na lokutan.

Sai dai mu yi wa jikan maharbi adalci. Waɗannan bincike biyu ba wasa ɗaya ba ne da aka buga a fili ɗaya. Wasu daga cikin dabbobin da aka fesa wa barkono leƙen abinci kawai suka zo yi, alhali labaran bindiga da ake rubutawa sun fi karkata ga ranakun da abu ya riga ya ɓaci. Don haka kuskure ne mutum ya jera 92 da 76 ya ce magana ta ƙare, kuma ku riƙa lura da irin wannan duk inda kuka ga an jera muku alƙaluma biyu. Duk da haka mu dai mun tsaya a kan barkono ga wanda ba maharbi ba. Idan ka kuskure da feshi ka samu abokinka, zai yi kuka da majina ya zage ka, gobe ku shirya. Idan da harsashi ne, babu gobe. Ga kuma doka. A gandun dajin Yellowstone na Amurka an hana harba bindiga, a gandun Banff na Kanada ba a barin mai yawo ya rataya ta a hanya, kuma baƙon da ya shiga ƙasa da bizar karatu ba ya mallakar bindiga haka kawai.

Feshin ma yana da nasa sharuɗɗan. Wurinsa ƙugu ko ƙirji, inda hannu zai kai ba tare da ka duba ba. Wanda ya cusa shi ƙasan jakar goyo, ƙarƙashin bargo da kwano, ya yi asarar kuɗinsa. Yana da ɗan makulli a kansa da sai an zare kafin ya fesa, kuma ana sayar da gwangwanin gwaji marar barkono don mutum ya saba da zarewa tun yana gida. Ana ɗan karkata shi ƙasa, saboda beyar da kai a ƙasa yake tahowa. Iska na iya dawo maka da abinka: a binciken nan na 2008, mutum 10 cikin 71 sun ce su ma sun ɗanɗana. Yana da ranar lalacewa a jikinsa kamar magani. Ba a shiga jirgin sama da shi, ko a hannu ko a cikin kaya, sai ka sauka ka saya, a Yellowstone ma akwai inda ake ba da hayarsa. Kuma ba maganin sauro ba ne da za ka fesa wa tanti ko tufafi kafin ka kwanta. Idan zafin ya lafa, ƙanshin da ya rage janyo beyar yake yi.

Sannan a tambayi dokar wurin da za a je. Gandun Yosemite na jihar Kalifoniya ya hana shiga da feshin gaba ɗaya. Baƙin beyar kawai gare su; girizilin jihar ya ƙare tun shekarun 1920, ko da yake har yau hotonsa ne a tutarsu.

Akwai wuri guda da jikan maharbi ya fi mu gaskiya. Tsibiran Svalbard na ƙasar Norway, can ƙuryar arewacin duniya, gidan farin beyar ne. Sauran 'yan uwansa sun fi cin 'ya'yan itace da saiwa da ƙwari da kifi, kuma galibi ƙoƙarinsu su kauce wa mutum. Shi farin nama ne abincinsa, kuma idan yunwa ta matsa masa yana iya bin mutum a matsayin abin farauta. A can doka ta wajabta wa duk wanda zai fita bayan gari ya riƙe abin korar beyar, kamar bindigar nan mai harba wuta da ƙara, kuma ofishin gwamnan yankin yana ba da shawarar a haɗa da bindigar gaske. Tun farkon 2025 kuma doka ta ce a bar tazarar mita 300 tsakanin mutum da farin beyar, daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Yuni kuwa mita 500.

Amma ku ji abin da ya faru a can ranar 5 ga Agusta, 2011. Wani rukunin matasa daga Birtaniya, da yawansu sa'anninku, suna kwance cikin tantuna kusa da wani tsaunin ƙanƙara. Da safe wani tsohon farin beyar ramamme ya shigo sansanin, ya kashe Horatio Chapple, ɗalibi ɗan shekara 17, ya raunata mutum huɗu. Suna da bindiga. Suna da wata waya da suka kewaye sansanin da ita, wadda ya kamata ta tayar da ƙara idan dabba ta taɓa ta, amma ba ta tashi ba. Ba a sa mai gadi da dare ba. Jagoran da ya ɗauki bindigar ya yi ta ƙoƙarin harbawa ba ta tashi ba, saboda sakatar kariyar ba ta inda ya kamata. Sai da beyar ya yi masa mummunan rauni shi ma, sannan ya samu ya sake ɗura harsashi ya harbe shi. Kayan kariya suna nan a sansanin, amma babu wanda ya yi aikinsa a lokacin da aka buƙace shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk wannan magana ce ta sakan biyun ƙarshe. Mafi yawan aikin tun kafin nan ake yin sa, kuma da abinci yake farawa.

Gandun dajin Glacier na jihar Montana, tun da aka kafa shi a 1910, ba a taɓa samun beyar ya kashe mutum a cikinsa ba sai daren 12 wayewar 13 ga Agusta, 1967. A daren nan guda, a wurare biyu daban, girizili biyu daban suka kashe 'yan mata biyu, kowacce 'yar shekara 19, 'yan jami'a kamarmu da suka je aikin hutu. Da aka bincika sai aka ga shara ce ta haɗa su. Kusa da inda aka kashe ta farko akwai masaukin baƙi da ake zubar da ragowar abinci a bayansa, baƙi su taru da yamma suna kallon beyar yana ci. A ɗaya wurin kuma, bakin wani tafki, dabbar ta daɗe da sabawa da kwasar abin da masu kwana a daji suka bari. A Yellowstone ma haka aka daɗe ana yi, mutane na miƙa wa beyar abinci ta tagar mota. Daga 1931 zuwa 1969, kimanin mutum 48 beyar ke raunatawa a can duk shekara. A 1970 aka rufe jujin shara, aka tsaurara dokar hana ciyarwa, aka kawo kwandunan shara da dabbar ba ta iya buɗewa. A 'yan shekarun nan adadin ya dawo kusan mutum ɗaya a shekara. Abin bai zo kyauta ba, don girizili da yawa da suka saba da juji sun shiga sansanonin mutane neman abinci aka kashe su.

Wannan kam ba sai mun je Amurka ba. Duk wanda makarantarsu ta taɓa kai su Yankari ya san gwaggon birin sansanin Wikki, wanda ke fizge leda daga hannun mutum, ya kutsa ɗaki idan an bar ƙofa a buɗe. Ba da wannan hali aka haife shi ba, a wurin baƙi ya koya cewa inda mutum yake akwai biredi. To ku ɗauki halin nan ku ɗora wa dabba mai kilo 300.

Saboda haka mai kwana a dajin beyar yana raba wurin barcinsa da wurin girki da ajiyar abinci da kamar mita 90. Abincin a zuba shi cikin wani ƙaƙƙarfan mazubi mai murfi da beyar ba ya iya buɗewa, ko a rataye shi a reshe, mita 3 daga ƙasa, fiye da mita 1 daga jikin itacen. Kuma abinci a wurin beyar ya haɗa da man goge baki da sabulu da man shafawa da turare, har da rigar da aka yi girki da ita. Masu son humra da turaren wuta, a yi haƙuri. Wanda kuwa ya kwana da ƙullin kilishi a ƙarƙashin matashinsa don kada abokai su cinye, ya aika wa maigidan daji katin gayyata. Waɗannan mazubai ma beyar ne ke yi musu jarrabawa. A garin West Yellowstone akwai wata cibiya da ke riƙe da girizilin da ba za a iya mayar da su daji ba. Kamfani ya kawo mazubinsa, a zuba kifi ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa a ciki, a jefa musu. Idan suka yi minti 60 suna cizo da danna da wurgi ba su buɗe ba, ya ci jarrabawa.

Bayan abinci sai surutu. Girizili ya fi kai hari idan an yi masa ba-zata, musamman uwa mai 'ya'ya ko wanda ke kan mushe. Kun san yadda kaza mai 'yan tsaki take yi idan ka bi ta kusa. Don haka a dajin nan ana tafiya ana hira da ƙarfi, ana tafi, ana ɗaga murya a kwana da bakin rafi inda ƙarar ruwa ke danne sawu. A cire abin sauraren waƙa daga kunne. A guji asuba da magariba da dare. Idan aka ga sabon kashi ko sawu, ko aka ji warin mushe, ko aka ga hankaki sun yi dandazo wuri guda, a sauya hanya. Hukumar Yellowstone ta ce tun 1970, kashi 91 cikin 100 na waɗanda beyar ya raunata a can suna tafiya ne su kaɗai ko su biyu, shi ya sa take cewa a zama uku ko fiye. A wasu yankunan Japan 'yan firamare kan ɗaura 'yar ƙararrawa a jakar makaranta saboda wannan, kuma matsalar ta yi tsanani a can har a watan Nuwamban 2025 aka tura sojoji lardin Akita su taimaka wajen kafa tarkuna. Ma'aikatan gandun Amurka dai sun ce ƙarar ƙararrawa ba ta da nisa, muryar mutum ta fi. A nan kam ba mu da fargaba, duk wanda ya taɓa shiga ajin ƙaramar sakandare lokacin da malami ya fita ya san za ku iya.

Idan aka hango shi daga nesa, dokar Yellowstone ta ce mita 91, kada a matsa. Hoton waya bai kai ran mutum ba. Sabo ma ba ya hana komai. Timothy Treadwell ya yi lokacin zafi 13 yana zama cikin beyar a gandun Katmai na Alaska, yana raɗa musu sunaye yana ɗaukar su bidiyo. A watan Oktoban 2003 ɗaya daga cikinsu ya kashe shi tare da abokiyar tafiyarsa.

To idan duk an yi wannan kuma aka yi kiciɓis fa? Abu na farko shi ne mafi wuya: kada a gudu. Mun san zuciya za ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, amma kun ga lissafin da muka yi, kuma gudu yana tayar masa da sha'awar bi, kamar kare. Hawa itace ma ba mafita ba ne, baƙin beyar ya fi ku iyawa. A tsaya, a haɗu wuri guda, a ɗauki yara, a zaro feshi a zare makullinsa, a yi magana da murya a kwance don ya gane mutum ne, a riƙa ja da baya a hankali ana fuskantarsa, a kuma bar masa hanyar fita. Idan ya miƙe a kan ƙafa biyu, yawanci so yake ya gani ya sansana. Sau da yawa yakan rugo da gudu sannan ya tsaya ko ya kauce, barazana ce kawai. Idan ya taho ya kai kamar mita 10, a fesa.

Idan ya kai ga taɓa jiki, a nan sanin nau'insa yake da amfani, kuma launi yana yaudara, don akwai baƙin beyar mai launin ƙasa, akwai girizili mai duhu. A duba kafaɗa: girizili yana da tozo kamar na sa, fuskarsa ta ɗan lotsa tsakanin ido da hanci, faratansa dogaye kamar yatsun mutum. Baƙin ba shi da tozo, fuskarsa a miƙe take, kunnuwansa sun fi tsawo. Idan girizili ne da aka yi wa ba-zata, a kwanta rub da ciki, a haɗa hannuwa a bayan wuya, a ware ƙafafu don kada ya juya mutum, a bar jaka a baya ta kāre gadon baya, a yi lamo kamar gawa. Shi so yake ya tabbatar ba ka da haɗari, idan ya gamsu sai ya tafi, kuma kada a yi saurin tashi. Idan baƙin beyar ne, ba a kwanciya, faɗa ake yi da dutse da sanda da duk abin da hannu ya samu, a nufi hanci da ido. Haka kuma kowane irin beyar ne, idan ya daɗe yana bin sawunka shiru, ko ya fasa tanti ya same ka da dare, wannan abinci ya ɗauke ka, sai faɗa.

Kada kuma wannan ya hana ku fita idan dama ta zo. Tun da aka kafa Yellowstone a 1872, mutum takwas beyar ya kashe a cikinsa, duk da miliyoyin da ke zuwa kowace shekara. Waɗanda suka nutse a ruwa da waɗanda suka faɗa maɓuɓɓugan ruwan zafi sun fi haka yawa.

Da muka kai wa jikan maharbi duk wannan bayani, ya ce ya ji, amma shi duka biyun zai ɗauka, bindiga a kafaɗa, barkono a jaka. Sai muka ce a gwada. Muka ba shi gwangwanin feshin sauro ya sa a jakarsa ta goyo, muka ba shi sandar tsintsiyar goge ɗaki ya rataya a matsayin bindiga, ɗan sashen gandun daji kuma ya koma ƙarshen baranda ya zama beyar. Aka ƙirga uku ya rugo. Mutuminku ya kai hannu ga sanda, ya fasa, ya juyo da jaka, zif ya maƙale. Beyar ɗinmu, wanda ko gudun ajinsu bai taɓa ci ba, ya iso ya dafa masa kafaɗa yana haki. A zagaye na biyu muka soke masa gwangwanin a ƙugu, ya zaro a kan lokaci, ya fesa wa kansa a haɓa saboda ya riƙe shi a juye. Ya ce a sake.